Hukuma za ta iya rubuta wa kanta waranti a Amurka?

Me kundin tsarin mulkin Amurka ya ce game da waranti?

Gyara na huɗu, wanda aka amince da shi a 1791, ya hana bincike ko kamu ba bisa ƙa'ida ba. Ba a bayar da waranti sai da ƙwaƙƙwaran dalili, a kan rantsuwa, kuma a fayyace wurin da za a bincika da abin ko mutumin da za a kama. Tushensa zamanin mulkin Ingila ne, lokacin da jami'an kwastan ke riƙe da takarda guda suna shiga duk gidan da suka ga dama.

To wa ke da ikon sa hannu?

Nan ne gizo ke saƙa. Kotun Ƙoli ta ce dole ne mai sa hannu ya zama ba shi da hannu a binciken. A shari'ar Coolidge ta 1971, babban lauyan jihar New Hampshire ne ya jagoranci binciken wani kisan kai, shi ne kuma ya sa hannu a warantin binciken motar wanda ake zargi. Kotu ta soke warantin. Ni dai ina ganin hukuncin nan ya yi daidai, domin wanda ya riga ya ƙuduri kama mutum ba zai iya auna hujjarsa da adalci ba.

Ko masu duba gini da lafiyar ma'aikata ma sai sun je kotu?

Idan mai wuri ya ƙi, sai sun je. A San Francisco wani mai haya, Camara, ya hana jami'in duba gidaje shiga ɗakinsa, aka gurfanar da shi. A 1967 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya. A 1978 ta faɗaɗa hukuncin zuwa OSHA, hukumar kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki, bayan wani kamfani a Idaho ya tsayar da jami'inta a ƙofa. Sai dai an sassauta: ba sai an nuna zargin laifi ba, ya isa a nuna cewa binciken yana bin tsari mai ma'ana. Sana'o'in da doka ke sa wa ido sosai, kamar sayar da giya da bindigogi, an yarda a duba su ba waranti.

Warantin hukumar shige da fice ta ICE fa?

Wannan ne ya fi shafar 'yan'uwanmu mazauna yankin Bronx na birnin New York da sauran birane. Fom I-200 na kamu ne, I-205 kuma na fitar da mutum daga ƙasa, kuma jami'in hukumar ne ke sa hannu, ba alƙalin kotu ba. A shari'ar Abel ta 1960, ta ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet da aka kama a wani otal a New York, kotu ta lura cewa an daɗe ana irin wannan kamu, amma ba ta yanke hukunci kai tsaye kan halaccinsa ba.

Irin wannan takarda tana ba su damar kutsawa gida?

Gida yana da kariya ta musamman. Shari'ar Payton ta 1980 ta hana 'yan sanda shiga gida yin kamu ba waranti, sai da izini ko larura ta gaggawa. Shi ya sa lauyoyin baƙi ke cewa kada a buɗe ƙofa, a ce su zuro takardar ta ƙarƙashinta, a duba saman ko akwai sunan kotu, a duba ƙasan ko alƙali ne ya sa hannu.