Bambancin Hali da Hangen Mutane a Littafi Mai Tsarki

Nazarin hali a Littafi Mai Tsarki fanni ne da ke duba ɗabi'un mutanen da littafin ya ba da labarinsu, da kuma yadda marubutansa suka kalli al'amari ɗaya ta fuskoki dabam. Littafin bai kasa mutane gida-gida bisa hali ba. Rabon da ya shahara a wa'azi da azuzuwan koyarwa, wato gida huɗu, daga likitancin Girkawa ya fito.

Likitocin da suka bi tafarkin Hifokiratis, wanda aka haifa wajen shekara ta 460 kafin haihuwar Almasihu, sun ɗauka jiki na da ruwa huɗu: jini, majina, ruwan matsarmama rawaya, da baƙi. Galen, likitan Fargamos a ƙarni na 2, ya faɗaɗa koyarwar, daga baya kuma aka ɗaura wa kowane ruwa halinsa. Mai rinjayen jini yana da fara'a da surutu, mai rawayan ruwa yana da zafin rai da son jagoranci, mai baƙin ruwa yana da zurfin ciki, mai majina kuwa sanyin hali gare shi. Likitancin zamani ya yi watsi da batun ruwan, amma sunayen halayen sun wanzu. Tim LaHaye, wani fasto ɗan Amurka, shi ya yaɗa rabon a majami'u da littattafansa na 1966 da 1971, inda ya ba Bitrus gidan fara'a, Bulus gidan zafin rai, Musa gidan zurfin ciki, Ibrahim gidan sanyin hali.

Rabon yana da daɗin koyarwa, sai dai ayoyin ba sa zama cikinsa lafiya. Musa da aka kira mai zurfin ciki shi ne ya kashe Bamasare (Fitowa 2:12), ya farfasa allunan dutse cikin fushi (Fitowa 32:19), ya bugi dutse sau biyu alhali magana aka umarce shi ya yi masa (Littafin Ƙidaya 20:11). Littafin Ƙidaya 12:3 kuma ya ce babu mai tawali'u kamarsa a duniya. Bitrus ya fita daga jirgi ya taka ruwa, ya sare kunnen Malkus da takobi, amma a Antakiya tsoro ya sa ya daina cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba, har Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a (Galatiyawa 2:11-14). Toma ma an zalunce shi da laƙabin mai shakka: shi ne ya ce wa sauran almajirai su tafi su mutu tare da Yesu (Yahaya 11:16). Kuskuren kullum iri ɗaya ne: a ɗauki labari guda a yanke wa mutum hali, sauran ayoyin da ba su dace ba a kau da kai.

Inda nazarin yake da ƙarfi shi ne wurin da marubuta biyu suka zana mutum ɗaya da kama ɗaya. A Luka 10:38-42 Marta tana fama da hidimar baƙi, Maryamu tana zaune tana sauraro. A Yahaya 11:20, bayan rasuwar Li'azaru, Marta ce ta fita taryar Yesu, Maryamu ta zauna a gida. Hali bai sauya ba. Amma wanda ya tsaya a Luka zai ɗauka Marta ba ta da zurfin bangaskiya, alhali ita ce ta furta cewa Yesu shi ne Almasihu, Ɗan Allah (Yahaya 11:27).

Saɓanin Bulus da Barnaba ya fi kowanne nuna yadda hali ke juya hangen mutum. Yahaya Markus ya bar su a Farga ta ƙasar Bamfiliya, a tafiyarsu ta farko ta wa'azi (Ayyukan Manzanni 13:13). Da za a koma, Barnaba ya so a sake ɗaukarsa, Bulus ya ƙi, gardama ta yi tsanani har suka rabu: Barnaba ya tafi Kubrus da Markus, Bulus ya ɗauki Sila (15:36-41). Bulus aikin yake kallo, Barnaba kuwa yaron. Wannan ɗabi'ar Barnaba ce tun farko, domin shi ya kai Bulus wurin manzanni sa'ad da kowa ke tsoronsa (9:27), ga kuma dangantaka ta jini tsakaninsa da Markus (Kolosiyawa 4:10). Luka, marubucin Ayyukan Manzanni, bai ce wane ne mai gaskiya ba. Daga baya, a 2 Timoti 4:11, an nemi a zo da Markus domin yana da amfani ga aikin.

Bambancin hange ya fi fitowa a Linjila huɗu. Markus, mai sura 16, yana gudu da labari, kalmar da ake fassarawa "nan da nan" ta zo kusan sau 40. Matiyu ya tara koyarwar Yesu cikin manyan jawabai 5, ya fara asalin Yesu daga Ibrahim, ya yawaita jawo annabawa. Luka ya ce ya bi diddigin kome kafin ya rubuta wa Tiyofilas, ya kai asalin har Adamu, ya ba matalauta da mata da Samariyawa fili. Yahaya ya zaɓi 'yan mu'ujizai kaɗan ya kira su alamu. Akan ci karo da wuraren da ba su zo daidai ba: Matiyu 20:30 ya ambaci makafi biyu a Yariko, Markus 10:46 ya ambaci Bartimawas kaɗai; korar 'yan kasuwa daga Haikali tana sura ta 2 a Yahaya, amma sauran uku sun sa ta a makon ƙarshe kafin gicciye Yesu. Ba daidai ba ne a jingina duk wannan ga halin marubuci. Masu sauraron da aka nufa, da majiyar da aka yi amfani da ita, da manufar rubutun, duk suna da hannu, kuma abin da aka sani game da rayuwar marubutan bai kai a auna halinsu ba.

Ikkilisiyar farko ta fuskanci wannan batu na bambancin Linjila huɗu. Wajen shekara ta 170, wani malamin Kirista mai suna Tatiyan ya narkar da Linjila huɗu zuwa labari ɗaya da ake kira Diyatesaron, wanda majami'un Suriya suka yi ta karantawa. Wajen 180 Irinayus, bishop na Liyon, ya dage cewa huɗu ne, ya kwatanta su da rayayyun halittu huɗu na Wahayin Yahaya 4:7. A ƙarni na 5 bishop Tiyodoret ya tattara kofi fiye da 200 na littafin Tatiyan daga majami'un yankinsa, ya maye gurbinsu da Linjila huɗu a rarrabe.