Ka ajiye aiki, wa zai faɗa wa abokan aiki? Abin da dokar ƙwadago ta ce da inda ta yi shiru

Mutane da yawa idan sun samu wani aikin ko sun gaji da inda suke, abin da suke fara yi shi ne su raɗa wa abokin da suke zama tebur ɗaya, wai sirri ne kar ka faɗa wa kowa, kafin la'asar magana ta zaga ofis, gobe da safe wani ya saka a guruf ɗin WhatsApp na ma'aikata ana ta Allah ya sa hakan ne mafi alheri, shi kuwa oga ko takarda bai gani ba. To a wurin doka duk wannan hayaniyar ba ta zama ajiye aiki ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta san guruf ba, ba ruwanta da abokan aiki, mutum biyu kawai ta sani a wannan maganar, kai da wanda ya ɗauke ka aiki.

Sashe na 11 na dokar shi ne ya tsara notis ɗin da kowane ɓangare zai ba ɗan'uwansa kafin a rabu. Idan aikin bai wuce wata 3 ba, kwana ɗaya ne. Sama da wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, sati ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sati biyu, wanda ya kai shekara 5 ko fiye kuma wata guda. Sannan akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da mutane ba su cika lura da su ba, duk notis ɗin da ya kai sati ɗaya dole a rubuce zai kasance, baki ba ya yi, kuma ranar da ka miƙa takardar ba ta shiga lissafi. Kenan in ka miƙa ranar Litinin, daga Talata za a fara ƙirga maka.

Amma kar ka yi saurin murna da sati ɗaya. Wannan mafi ƙaranci ne kawai, in takardar ɗaukar ka aiki ta ce wata ɗaya ko wata uku to ita za a bi. Kuma sashe na 91 ya cire wasu daga cikin waɗanda dokar ke kira ma'aikaci, masu riƙe da shugabanci da gudanarwa da ƙwararru irin su injiniya ko likita ko lauya, su yarjejeniyar da suka sa wa hannu ce dokarsu. Don haka kafin ka buɗe baki ka faɗa wa kowa, je ka lalubo takardar nan da ka jefa a durowa tun ranar da aka ɗauke ka, ka karanta ta. In kana so ka tafi nan take ba jira, doka ta yarda a biya kuɗi a madadin notis, kuma wajen lissafin ainihin albashi ake dubawa, ban da obataim da alawus.

Sai maganar da ogogi suka fi so, wai "ba mu amince da murabus ɗinka ba". Kotunan Najeriya sun daɗe da gama wannan, tun shari'ar Benson da Onitiri a 1960, kotun ɗaukaka ƙara ta sake nanatawa a shari'ar WAEC da Oshionebo a 2006, cewa ma'aikaci yana da cikakken ikon ajiye aiki kuma mai aiki ba shi da hurumin ƙin karɓa, abin da ake dubawa shi ne ranar da takarda ta isa hannunsa, ba ranar da ya ga dama ya amsa ba. Hatta manyan masu mulki haka tsarin yake, sashe na 306 na kundin tsarin mulki ya ce gwamna in zai sauka kakakin majalisar jiha zai rubuta wa, shugaban ƙasa kuma shugaban majalisar dattawa zai rubuta wa, kuma murabus ɗin yana kama aiki ne da zarar takardar ta isa. Ba taron manema labarai ke sauke su ba. To kai ma haka, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka riƙe, ko ka tura ta imel ɗin da zai nuna lokaci.

Wannan ƙa'idar tana yanka ta gefe biyu fa. Da zarar takarda ta shiga, ba ka da ikon janye ta kai kaɗai sai in su sun yarda, saboda haka kar ka miƙa alhali sabon wurin alƙawarin baki kawai suka yi maka. In kuma ka fara yaɗa labari kafin takarda, ka ba oga damar ya riga ka, shi ma ai yana da ikon ba ka notis, duk da cewa kotun ma'aikata ta ƙasa a 'yan shekarun nan ta sha cewa sai an kawo dalili mai ƙarfi kafin a sallami mutum. Ko da daga baya ka yi nasara a kotu, kafin nan fayil ɗinka ya riga ya nuna sallamar ka aka yi, ba kai ka tafi da ƙafarka ba, kuma shi sabon wurin zai iya tambaya.

To wa ke da haƙƙin sanar da abokan aiki? Gaskiya a nan doka ta yi shiru. Babu sashen da ya ce oga ne zai sanar, babu wanda ya hana ka faɗa da bakinka. Abin da ke aiki shi ne littafin dokokin ma'aikatarku da abin da ka sa wa hannu, musamman in akwai sharaɗin riƙe sirri, don wasu wuraren kamar bankuna da kamfanonin da ke hulɗa da kwastomomi ba sa so labari ya fita sai sun shirya wanda zai karɓi aikin, kuma in ka kira kwastomomi kana cewa ku biyo ni sabon wuri to wannan wata rigimar ce daban da za ta iya kai ka kotu. A ganina abin da ya fi shi ne ranar da ka miƙa takarda ku zauna da oga ku tsayar da abu uku, yaushe za a sanar, wa zai sanar, kuma me za a ce. In ya ce a jira sati ɗaya ba laifi, amma kar ka yarda a ɓoye har ranar ƙarshe, don wanda ya ɓace haka kawai mutane kora suke ɗauka, ko kuma ya ci kuɗi.

Shirun dokar ƙwadago ba ya nufin ma'aikata za ta faɗi abin da ta ga dama. In ka ajiye aiki da kanka sai aka fitar da sanarwa cewa an kore ka, ko aka yi ta da habaicin da kowa zai fahimci sata ake nufi, wannan ɓata suna ne, za ka iya neman diyya, kuma a jihohin arewa da ke amfani da Penal Code laifi ne a sashe na 391 da 392. Irin sanarwar nan da ake bugawa a jarida da hoton mutum cewa wane ba ma'aikacinmu ba ne yanzu, duk wanda ya yi hulɗa da shi don kansa, in gaskiya ce tsagwaronta da wuya ka kama su da ita, amma ni dai ina ganin rashin mutunci ne a yi wa wanda ya ba da notis ya miƙa aiki lafiya. Sannan akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda ta saka bayanin lafiyar mutum cikin masu buƙatar kariya ta musamman. In ciwo ne ya sa ka ajiye aiki kuma ofishin kula da ma'aikata kaɗai ka faɗa wa, ba su da hurumin zuba shi a guruf ko da da sunan a taya ka da addu'a ne, sai da izininka.

Inda abin ya fi haɗari shi ne murabus ɗin dole, a kira ka ofis a ce rubuta da hannunka mu rufa maka asiri, in ba haka ba mu kore ka. Kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon sauraron rigingimun aiki ita kaɗai a sashe na 254C, kuma tana zama a Kano da Kaduna da Abuja da wasu biranen, tana kallon irin wannan a matsayin kora da aka sa wa rigar murabus. Amma kai za ka kawo hujja cewa tilasta ka aka yi. To ka ga in bayan an matsa maka ka je guruf ka rubuta doguwar bankwana, na gode wa shugabanni, na tafi ne don raɗin kaina in nemi ci gaba, wallahi lauyansu zai buga wannan saƙon ya kawo, don sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar saƙonnin waya da kwamfuta. In ka san kana da niyyar ƙara, yi shiru ko ka taƙaita, ranar kaza ce rana ta ta ƙarshe, na miƙa aiki ga wane, shi kenan. Haka kuma kar zafin rai ya sa ka kira wani ɓarawo a saƙon bankwana, dokar ɓata sunan da ke kare ka ita ce dai ke kare shi.

Kafin walimar bankwana ta ɗauke maka hankali ka duba kuɗinka, sashe na 11 ɗin nan na dokar ƙwadago ya ce a biya duk albashin da kake bi kafin notis ya ƙare ko a ranar da ya ƙare. Fansho kuma asusunka ne yana bin ka duk inda ka koma, lambar asusun kawai za ka ba sabon wurin, in kuma ba ka kai shekara 50 ba ka yi wata 4 ba ka samu wani aikin ba, dokar fansho ta 2014 ta ba ka damar cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke ciki.