Waiwaye: Yadda dabarar motocin tsere ta ɓuya a ƙarƙashin cikin mota

Duk lokacin da aka sauya dokokin gasar Formula 1, sai tsohuwar gardama ta sake tashi tsakanin masoya tseren motoci. Wani ya ɗora hoton Tyrrell mai taya shida, wani ya amsa masa da Brabham mai fanka a baya, na uku ya kawo baƙar Lotus mai zanen ruwan zinare, sannan a haɗu a kan magana guda: motocin yau kamar an tsaga kara, da za a kankare musu fenti ko masu su sai sun yi da gaske kafin su gane tasu. A farkon 2025 har maganar komawa tsohon injin V10 mai ƙara aka yi ta yi, ga kuma dokokin 2026 da suka miƙa kusan rabin ƙarfin mota ga batir, abin da ya ƙara hura wutar. Kewar ba ta tsaya a baki ba. Bikin motoci na Goodwood da aka fara a Ingila a 1993 da tseren tsofaffin motoci na Monako da aka fara a 1997 suna cika maƙil, kuma a watan Fabrairun 2025 an sayar da wata Mercedes W196 ta shekarun 1950 a kan fiye da Yuro miliyan 51.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce littafin dokoki ne ya kashe ƙirƙira, an hana wannan, an hana wancan, har masu zanen mota suka rasa wurin motsi. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Sai dai ni a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Motocin sun fara kama da juna tun kafin dokokin su yi kauri, kuma mafarin abin wani ɗakin gwaji ne a birnin Landan wanda masu kewar ba su cika ambata ba.

Tarihin farko sananne ne. A 1958 Stirling Moss ya ci tseren Ajantina da ƙaramar Cooper mai inji a bayan direba, cikin 'yan shekaru kowa ya mayar da injinsa baya. A 1962 Colin Chapman ya fito da Lotus 25 wadda gangar jikinta kwarya guda ce maimakon ƙarafan da aka harhaɗa, Jim Clark ya zama zakara da ita a 1963. A Amurka Jim Hall ya ɗora wa Chaparral ɗinsa dogon fiffike a 1966. Turai ta kwaikwaya, fikafikan suka yi ta tsawo har na motocin Graham Hill da Jochen Rindt suka karye a tseren Sifaniya na 1969, aka rage musu tsayi.

Abin da ya sa shekarun 1970 suka zama abin da ake kewa a yau shi ne inji ya daina zama matsala. Keith Duckworth ya ƙera injin Cosworth DFV, wanda ya ci tserensa na farko a Holan a 1967, daga 1968 kuma duk mai fam 7,500 zai iya saye. A haɗa shi da akwatin giyar mota na kamfanin Hewland, a samu gareji da makanikai 'yan ƙalilan, an shiga gasa. Wannan inji ya ci tsere 155 kafin ya yi ritaya. To tunda kusan kowa injinsa ɗaya, ba inda za a fi juna sai a surar mota, kuma babu wanda ya san surar da ta fi. Shi ya sa aka ga March 711 da fiffiken gaba kamar an ɗora mata faranti, aka ga Lotus 56B da inji irin na jirgin sama, aka ga Ligier ta 1976 da hancin shaƙar iska da ake tsokanarsa da butar shayi. Derek Gardner ya sa wa Tyrrell P34 ƙananan tayoyi huɗu masu inci 10 a gaba don su daina tare iska, Jody Scheckter da Patrick Depailler suka zo na ɗaya da na biyu da ita a Suwidin a 1976. Wannan ce nasararta ɗaya tilo, bayan 1977 aka ajiye ta. Mafi yawan motocin da ake yaɗa hotunansu a yau lalube ne a duhu, masu zanensu suna canka ne da ido da fensir, wani ya dace, da yawa ba su dace ba.

Peter Wright injiniya ne da ba ya cikin sunayen da ake rantsuwa da su. Tun a ƙarshen shekarun 1960, yana aiki a ƙungiyar tsere ta BRM ƙarƙashin Tony Rudd, ya fara tunanin a mayar da jikin motar kansa fiffike kifaffe, maimakon a riƙa liƙa mata fikafikai a gaba da baya. Aikin bai kai ko'ina ba a lokacin. A tsakiyar shekarun 1970 su biyun suka sake haɗuwa a Lotus, tare da mai zane Ralph Bellamy, a daidai lokacin da Lotus 72 ta tsufa ƙungiyar kuma ta shiga fari. Chapman, mai ƙungiyar, ya ba su damar su koma tushe su yi bincike, suka nufi zauren gwajin iska na Kwalejin Imperial da ke Landan da samfurin mota mai girman kashi ɗaya cikin huɗu.

Zauren gwajin iska ba sabon abu ba ne a lokacin, masu ƙera jiragen sama sun daɗe da shi. Abin da ya bambanta na Imperial shi ne daɓensa. A sauran zaurukan ana ajiye samfurin a kan daɓe tsayayye a hura masa iska, wanda ya ishi jirgi tunda shi a sama yake. Mota kuwa a ƙasa take, titi yana gudu a ƙarƙashinta, kuma daɓe tsayayye yana ɓata duk wani awo na iskar da ke bi ta nan. A Imperial akwai bel mai gudu a ƙarƙashin samfurin, gudunsa daidai da na iskar, ya tsaya a matsayin titi. Da haka masu zanen motar tsere suka samu hanyar auna abin da ke faruwa a 'yar tazarar nan da ke tsakanin cikin mota da kwalta.

Suna cikin gwada akwatunan gefen mota masu ciki irin na fiffike kifaffe, sai alƙaluman suka fara rawa, a auna yanzu a samu wani abu, a sake aunawa a samu wani. Da Wright ya duba sai ya ga akwatunan ne suke lotsawa ƙasa, kuma duk sanda gefensu ya kusanci bel ɗin sai nauyin da iska ke ɗora wa motar ya ƙaru. Suka yanko kwali suka toshe tazarar da ke tsakanin gefen akwatunan da daɓen. Awon ya yi tsalle. Bayanin ba shi da wuya: iskar da aka matse ta cikin ƙunci tana ƙara gudu, matsinta ya ragu, sai motar ta tsotsu zuwa ƙasa. Kwalin ya hana iskar waje kutsowa ta gefe ta ɓata tsotson. Fiffike yana danne mota amma yana ja mata baya a miƙaƙƙen titi. Wannan kuwa dannewa ce kusan kyauta.

Daga nan aka haifi Lotus 78. An fara gwada buroshi a madadin kwalin, daga baya aka koma wasu faifai masu sauka su goga kwalta waɗanda ake kira siket. A 1977 motar ta ci tsere biyar, huɗu na Mario Andretti, ɗaya na Gunnar Nilsson, lalacewar inji ce ta hana su kambu. Andretti ya kwatanta ta da abin da aka shafa wa titi da fenti. Abokan hamayya sun ɗauki fiye da shekara suna kallon motar ba su gane sirrin ba, don sirrin ba ya inda ido ke kaiwa. A 1978 Lotus 79 ta zo, ƙungiyar ta ci tsere takwas, Andretti ya zama zakara.

A nan ne nake ganin masu kewa suke karanta tarihin a juye. Brabham mai fanka da Gordon Murray ya zana, wadda ake ɗauka tutar zamanin 'yanci, ita kanta amsa ce ga wannan ganowar. Injin Alfa Romeo da Brabham ke amfani da shi shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, ya cinye wurin da hanyoyin iskar za su bi. Murray, haifaffen Durban a Afirka ta Kudu, ya rasa yadda zai yi tsotson ta hanyar Lotus, sai ya ɗauko dabarar da Hall ya gwada a Chaparral 2J a 1970, ya sa fanka ta zuƙe iskar ƙarƙashin motar, ya ce aikinta na farko sanyaya inji ne. Niki Lauda ya ci tseren Suwidin da ita a watan Yunin 1978 da ratar fiye da daƙiƙa 30, ƙungiyar ta janye ta bayan ƙorafin sauran. Ko da an bar ta, da kowa ya sa fanka kafin shekara ta zagayo, mu kuma da yanzu muna ƙorafin duk motoci fanka gare su.

Hujjar tana cikin abin da ya biyo baya. A 1979 layin farawa ya cika da 'ya'yan Lotus 79, ba tare da wata doka ta tilasta wa kowa ba. Ligier ta ci tsere biyu na farko da tata. Patrick Head ya kai zanen Williams FW07 wannan zaure na Imperial, ya yi mata gangar jiki mai ƙwari da siket mai riƙe kwalta sosai, Clay Regazzoni ya ba Williams nasararta ta farko a Silverstone, Alan Jones ya zama zakara a 1980. Ferrari mai shimfiɗaɗɗen inji ta ci kambun 1979 da Scheckter, shekara guda bayan nan maki 8 kacal ta samu, domin injin da ya kai ta ga nasara ya zama shi ne ke toshe mata hanyar iska. Ita kanta Lotus da ta so ta zarce da Lotus 80, motar ta riƙa sukuwa tana dukan titi, aka ajiye ta. Ganowa ɗaya ta yanke hukunci a kan faɗin inji, wurin zaman direba, wurin tankin mai da surar gefen mota.

An hana siket mai motsi a 1981, an wajabta shimfiɗaɗɗen ciki a 1983 bayan gudun kwana ya fi ƙarfin filayen tsere da wuyan direbobi. Wanda ya tuna shekarar 1982, da mutuwar Gilles Villeneuve da Riccardo Paletti, ba zai ga laifin hakan ba, kuma hotunan da ake yaɗawa ba sa nuna jana'izar da aka yi ta halarta tun daga Clark a 1968 da Rindt a 1970 har zuwa Ronnie Peterson a 1978. Amma hana siket bai mayar da kowa duhu ba. An riga an san iska ce ke cin tsere, an san ana iya auna ta. Manyan ƙungiyoyi suka gina zaurukansu masu bel, daga baya wasu suka riƙa gudanar da su dare da rana, kwamfuta ta shigo tana lissafin iskar tun kafin a sassaƙa samfuri. Mai zane guda da allonsa ya koma ma'aikata ta ɗaruruwan injiniyoyi. Mota mai taya shida a yau ba za ta kai ga titi ba ko da doka ta yarda, alƙaluma za su kashe ta a mako guda idan ba ta da amfani, idan kuma tana da shi kowa zai gani a nasa allon.

Ƙirƙira ba ta mutu ba, kallonta ne ya yi wuya. John Barnard ya kawo gangar jiki ta zaren kabon a McLaren MP4/1 a 1981, abin da ya ceci rayuka da yawa, amma a ido ba ta bambanta ba. Dabarar da ta ba ƙungiyar Brawn kambun 2009 a ƙarƙashin bayan motar take. Shi ya sa a gwajin Basalona na 2020, da kyamara ta nuna Lewis Hamilton yana jan sitiyarin Mercedes zuwa ƙirjinsa tayoyin gaba suna sauya tsayuwa, masoya suka ruɗe da murna. Ribarta ba ta taka kara ta karya ba, amma an ga abu da ido. Haka kuma ƙaunar da ake yi wa fitaccen mai zanen motoci Adrian Newey tana da nasaba da allon zane da fensirin da har yanzu yake amfani da su, duk da cewa shi ɗan wancan sauyin ne, ya kammala karatun injiniyan jirage a Southampton a 1980 da aikin ƙarshe a kan tsotson ƙasa.

Yanzu dokoki sun taƙaita girman samfuri zuwa kashi 60 cikin 100, tun 2021 kuma ana rage wa ƙungiyar da ta fi nasara lokacin gwajin iska, ga iyakar kashe kuɗi da ta fara da Dala miliyan 145. A 2022 aka dawo da hanyoyin iskar ƙarƙashin mota, sukuwar da ta kashe Lotus 80 ta dawo tare da su. A shekarar an ɗan ga bambanci: Ferrari da gefe mai kwari, Red Bull da gefe mai gangara, Mercedes kusan babu gefen ma. Agogo ya zaɓi guda. A tseren Monako na 2023 Mercedes ta haƙura ta sa wa motarta gefe irin na kowa. A ƙarshen makon wannan tseren ne Sergio Pérez ya daki shinge a zagayen neman gurbi, ƙugiya ta ɗaga Red Bull ɗinsa sama a kan titunan birnin, motar da ta ci tsere 21 cikin 22 a shekarar. Masu ɗaukar hoto ba su damu da hancinta ko fikafikanta ba, cikinta suka yi ta ɗauka, kuma kafin a rufe gareji a ranar hotunan sun isa hannun injiniyoyin sauran ƙungiyoyi.