Jirgin Fito a Teku: Wa Ake Fara Ɗauka, Kuma Me Ya Sa?

Goggona da ke Birnin Kebbi ta dawo daga ziyarar ɗanta a Ingila da labari guda da ya tsaya mata a rai. Ya biya musu kuɗin yawon mako ɗaya a Bahar Rum cikin irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa. Wata safiya jirgi ya tsaya nesa da gaɓa, aka miƙa mata 'yar takarda mai lamba 14, aka ce ta zauna sai an kira. Ta yi kusan awa biyu tana kallon gari ta taga, wasu kuwa suna zuwa su nuna kati a wuce da su. Da na je yi mata barka da dawowa ta ce, "Ɗan nan, kai da ka tashi a bakin ruwa a Yauri, faɗa mini, can ma akwai 'yan gata a wurin fito?" Tambayoyin da ita da mutanen gida suka yi mini a ranar su ne na tattara a nan.

Me ya hana babban jirgin matsowa bakin gaɓa ya sauke mutane?

Ruwan wurin ne bai kai ya ɗauke shi ba, ko kuma garin ba shi da tashar da jirgi mai wannan girma zai jingina. Duk wanda ya san kogin Kwara da rani ya san haka: jirgin da ya sha kaya ba ya isa bakin yashi, sai ƙananan kwale-kwale su je su rage masa. A teku ma haka ne. Jirgin ya saki anga ko ya riƙe kansa wuri ɗaya da inji, ƙananan jirage su riƙa kai mutane tudu suna dawo da su. Ma'aikatan jirgi suna ce musu tenda. Mu dai jirgin fito muka sani, kuma shi ne ainihin aikinsa.

Akwai garuruwan da suka yi suna da wannan: tsibirin Santorini a Girka, garuruwan Kan da Bilfaransh a kudancin Faransa, Kabo San Lukas a Meziko, birnin Beliz inda duwatsun murjani ke tilasta wa jirgi tsayawa can nesa, da tsibirin Giran Keman. Mutanen Keman har ƙuri'ar raba gardama suka yi a Afrilun 2025 kan gina wa waɗannan jirage tasha, mafi yawansu suka ce a'a. A nahiyarmu ma, jiragen da ke tashi daga Darban ta Afirka ta Kudu zuwa tsibiran Mozambik da fito suke sauke mutane.

Waɗanne jirage ne ke yin fiton? Ana biyan kuɗi?

Galibi cikin jiragen ceto ne da ke rataye a gefen babban jirgin, waɗanda aka yi wa launin ruwan lemo. Wasu daga cikinsu an ƙera su don su yi aiki biyu, ceto da fito, kuma kowanne kan ɗauki mutum 100 zuwa 150. A wasu wuraren, kamar Santorini da Beliz, masu jiragen garin ne ke zuwa su kwashi fasinja. Ba a karɓar kuɗin fito, yana cikin kuɗin tafiya.

To in kyauta ne, me ya kawo maganar gata?

Lokaci. A ce jirgi na ɗauke da mutum 3,000, jirgin fito kuma yana cin 150. Sahu 20 ke nan kafin a kwashe kowa. In jirage huɗu ke aiki, kuma zuwa da dawowa da lodi na cin rabin awa, wanda ya faɗa sahun ƙarshe zai yi sama da awa biyu yana jira. Jirgin kuwa sau da yawa awa bakwai ko takwas zai yi a garin ya ɗaga. Wanda ya sauka da ƙarfe takwas ya ga gari da sanyin safiya, wanda ya sauka sha ɗaya saura ya tarar da rana ta take, masu tasi sun tsauwala kuɗi.

Don kada a yi turereniya a ƙofa, sai a raba lamba da sassafe, rukuni-rukuni, ana kira ta lasifika. Ita ce takardar da aka ba Goggo. Wanda ke da fifiko ba ya bin layin karɓar lamba. Ko dai a kai masa takarda ɗakinsa tun da dare, ko a faɗa masa falon da zai je ya zauna, ma'aikaci ya zo ya raka su zuwa jirgin fito na gaba. Iyakar abin ke nan. Kujera ɗaya za a zauna da kowa, feshin ruwa ɗaya zai taɓa kowa.

Su wa ake ba wannan fifikon?

Tsofaffin abokan ciniki. Mai awon shinkafa a kasuwar Argungu in ya ga wanda ya shekara goma yana saye a wurinsa, zai cika masa mudu ya ƙara da gyara. Kamfanonin jiragen nan sun mayar da gyaran tsari a rubuce: ana ƙirga kwanakin da mutum ya yi a jiragensu, ko a ba shi maki, yana hawa mataki-mataki.

A kamfanin Princess, sai wanda ya kammala tafiya 15 ko kwana 150 yake kaiwa matakin Elite, inda fifikon fito yake. Holland America na bayarwa daga mataki mai tauraro huɗu, wanda ke buƙatar makin kwana 200. Celebrity na bayarwa daga matakin Elite, maki 300. Carnival, a tsarinsa na tsofaffin abokan ciniki mai suna VIFP kamar yadda yake a 2025, ya sa shi a matakin Platinum, kwana 75, da Diamond, kwana 200. Shi Carnival ɗin ya sanar a 2025 cewa zai sauya tsari ya koma auna kuɗin da mutum ya kashe maimakon kwanaki, abin da ya ɓata wa tsofaffin fasinjojinsa rai ƙwarai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa gyara ne, mai shago na iya rage shi ranar da ya ga dama.

Goggo ta ƙirga da yatsu ta ce, "Kwana 150? Ai wannan sai wanda ya yi ritaya da kuɗi." Gaskiyarta. In mutum na tafiyar mako ɗaya kowace shekara, sai ya haura shekara 20 kafin ya cika waɗannan kwanaki, ko da yake ta hanyar ƙirga tafiye-tafiye zai kai a shekara 15.

Ke nan mai katin shi ne na farko a jirgin fito?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Yawanci waɗanda suka sayi rangadin gari daga hannun kamfanin jirgin su ake fara fitarwa, domin motoci na jiransu a tudu kuma kamfanin ya riga ya karɓi kuɗinsu. Sai masu manyan ɗakuna na alfarma, waɗanda ko yau suka fara shiga jirgi ana ba su fifiko. Tsofaffin abokan ciniki na shiga tare da su ko a bayansu. Sannan masu lamba.

Akwai kuma ranar da gatan ke zama ba gata ba. A doguwar tafiya, irin ta wata guda ko ta zagaya duniya, yawancin fasinjoji tsofaffin hannu ne. In mutum ɗari biyar duk suna da katin fifiko, layi ne ya sake haɗuwa a wani falon daban. In kowa sarki ne, wa zai riƙe laima?

Ana iya saye da kuɗi ba sai an tara kwanaki ba?

Ana iyawa a wasu kamfanoni. Carnival na sayar da wani ƙunshi da ake kira Faster to the Fun, Royal Caribbean kuma yana da The Key, kuma duka biyun sun haɗa da fifikon fito. Hanya mafi sauƙi dai ita ce sayen rangadin safe daga jirgin a garin da za a yi fito. Da ɗan Goggo ya san haka, da ya saya mata na wannan rana ɗaya tak, ya bar sauran.

Wannan bambanci sabon abu ne?

Ya girmi kakanninmu da yawa. Ranar 10 ga Afrilu 1912, jirgin Titanic ya tsaya a Sherbur ta Faransa, kuma girmansa ya hana shi shiga tasha. Jiragen fito biyu suka kai masa fasinja: Nomadic ya ɗauki masu ajin farko da na biyu, Traffic ya ɗauki masu aji na uku da buhunan wasiƙu. Nomadic na nan har yau a Belfas ana zuwa kallonsa. A wancan zamanin tikiti ne ke raba mutane, har jirgin da za su hau daban. Yanzu jirgi ɗaya ne, sahu ne ya bambanta.

In za a dawo da yamma fa?

A mafi yawan lokuta kati ba ya aiki a dawowa. Wanda ya riga zuwa bakin ruwa shi ke riga shiga. Kuma akwai cunkoson da kamfanin jirgi ba shi da iko a kai. A Santorini jirgin fito na ajiye mutane ne a gindin dutse, garin Fira kuwa yana can bisa. Ko a hau keken igiya, wato akwati da ke rataye a jikin waya yana hawa dutsen, mai ɗaukar mutane kaɗan-kaɗan, ko a taka matakala fiye da 500, ko a hau jaki. Ranar da jirage huɗu ko biyar suka haɗu, layin keken nan na iya cin awa guda, kuma babu mai tambayar matakin kowa. Amfanin fita da wuri a irin wannan gari shi ne a riga taron isa gindin dutsen.

Abin da ya fi kati muhimmanci shi ne lokacin jirgin fito na ƙarshe. Ana rubuta shi a allo a ƙofar fita. A ɗauki hotonsa da waya, a kuma bi agogon jirgi, don wani lokaci yakan saɓa da na garin. Wanda ya fita yawon kansa ya makara, jirgi na iya tafiya ya bar shi.

Mai fifiko zai iya sa a ƙara shi in jirgin fito ya cika?

Ba zai iya ba, kuma a nan ne zuciyata ta fi tsayawa. A ƙofar fita ana duba katin shaidar fasinja na kowane mutum da na'ura, ma'aikaci na ƙirga kawuna, in adadi ya cika a tare hanya. Ko mai kwana 1,000 a jiragen kamfanin ne, sai ya jira na gaba. In igiyar ruwa ta yi ƙarfi, kyaftin na dakatar da fito, ko ya soke tsayawa a garin baki ɗaya, kuma ba mai katin da zai sauya masa magana.

Mu mutanen Kebbi mun san abin da rashin wannan ƙirga ke jawowa. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi asarar rayuka masu yawa, mata da yara a ciki. Na sha tsayawa a bakin ruwa ranar kasuwa ina ganin jirgi ya cika har ruwa na lasar bakinsa, ga buhuna ga babura, sai wani mai faɗa a ji ya iso a ce, "A matsa wa Alhaji." A matsa ɗin. Girmama babba tarbiyyarmu ce, kuma ba na so mu rabu da ita. A fara shigar da shi, a ba shi wuri mai kyau, a riƙe masa hannu. Amma in jirgi ya cika, girmamawar da ta dace da shi ita ce a ce ya dakata, ga wani na zuwa.

Tsofaffi da masu lalura fa, ba su ne suka fi cancanta ba?

Goggo ce ta yi wannan tambaya, tana shafa gwiwarta. A tsarin kamfanonin, shekaru ba sa ba mutum fifikon fito kai tsaye. Ma'aikata dai na taimakawa sosai: biyu kan tsaya a bakin ƙofa su kama hannun mutum ta ɓangarorin biyu, su jira igiyar ruwa ta daidaita jiragen, sannan su ce taka. Amma dole mutum ya iya taka 'yan matakala ya tsallaka da ƙafarsa. Mai keken guragu, musamman mai nauyi na lantarki, ana iya hana shi fito in teku ba ta kwanta ba. Wanda zai biya wa mahaifiyarsa irin wannan tafiya ya duba jadawalin tun kafin ya saya, domin ana sa alama a garuruwan da za a yi fito. In sun yi yawa, ya nemi wata tafiyar. Ya kuma je teburin kula da baƙi tun ranar farko ya gaya musu halin da take ciki. Ita kuma ta sa takalmi mai kama ƙasa, ta tattare zane da mayafi da hannu ɗaya kafin ta tsallaka, don iskar wurin ba ta wasa.

In mijina na da katin, ni ba ni da shi?

A bisa al'ada wanda kuke ɗaki ɗaya yana bin ki ko kina bin sa. 'Yan uwan da ke wasu ɗakunan kuwa sai yadda ma'aikacin ranar ya ga dama, don haka a tambaya tun da dare.

Wanda ba shi da kati ko kuɗin ƙari, ya zai yi?

Hanya biyu ce. Ko ya yi sammako: ana idar da sallar asuba ya shirya, ya je inda ake raba lamba kafin a buɗe, ya karɓa wa iyalinsa. Sai dai wasu jiragen ba sa bayarwa sai duk mutanen sun hallara a shirye. Ko kuma ya yi akasin haka, ya karya kumallo a natse, ya bar masu gaggawa su wuce. Bayan awa biyu ko uku akan sanar cewa an daina amfani da lamba, kowa ya sauko ya shiga. A ƙaramin gari da za a zagaye cikin awa uku, wannan ta biyun ita na fi so wa dattijo. In kuwa akwai wuri mai nisa da ake son gani, ko an yi alkawari da mai mota a tudu, to sammakon ne, kuma a gaya wa mai motar tun farko cewa ta jirgin fito za a sauko, don ya san lokacin isowa ba a hannun fasinja yake ba.