Amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa kan manhaja, bayanai da AI

Rubuta manhaja nake yi a Zariya, kuma yawancin abin da ke ciyar da ni gyaran bayanai ne: na makarantu, na shagunan magani, da na masu binciken noma. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello daga harabar Samaru da Kongo da na kwalejin Nuhu Bamalli suna turo mini tambayoyi iri ɗaya, dare da rana. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wane yaren kwamfuta zan fara koya?

Python, na rubuta manhaja, da SQL, na yi wa rumbun bayanai tambaya. Kada ka sake tambayar mutum na biyu, don zai ce maka wani abu daban, ka ƙare wata shida kana zaɓe ba ka rubuta layi ɗaya ba. Python tun 1991 yake, SQL kuwa tun shekarun 1970 aka fara shi a IBM, kuma har yau bankin da kake ajiya da shi yake magana da rumbun bayanansa.

Sai na sayi MacBook?

A'a. Laftof ta hannu mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) giga 8 da SSD (faifan ajiya mai sauri) ta isa koyo. In kana da ƙarin kuɗi, sa shi a batir mai kyau ko ƙaramar sola.

Me injiniyan bayanai yake yi ne?

Yana kwaso bayanai daga inda suke a warwatse, ya wanke su, ya ajiye su inda za a iya yi musu tambaya, sannan ya tabbatar gobe ma hakan zai faru ko yana barci. Wankin shi ne mafi yawan aikin, kuma shi ne wanda ba wanda yake son ji. Ka buɗe rajistar makaranta, ka tarar da yaro ɗaya an rubuta shi Muhammad a aji ɗaya, Mohammed a aji biyu, Moh'd a aji uku, Mamman a takardar kuɗin makaranta. Kwamfuta yara huɗu take gani. Wani magatakarda ya rubuta 03/04/2024 yana nufin 3 ga Afrilu, manhajar da aka saita da tsarin Amurka ta karanta 4 ga Maris. A bayanan noma wani ya auna da buhu, wani da tiya, wani da kilo, duk a layi ɗaya ba tare da an faɗa ba. In ba ka da haƙurin zama da irin wannan, ka nemi wani fanni tun da wuri, ba abin kunya ba ne.

Excel abin raini ne, ko?

Wa ya gaya maka? Rabin ofisoshin garin nan a kansa suke tsaye. Ka dai san halinsa. Shafi ɗaya ba ya wuce layi 1,048,576. In ka buɗe fayil ɗin CSV (tebur da aka ajiye a matsayin rubutu zalla) kai tsaye, zai cinye sifilin farkon lambar waya, 0803 ta koma 803, kuma duk lambar da ta wuce lambobi 15 zai mayar da ƙarshenta sifili. In ka danna ajiyewa a haka, ka ɓata asalin. Lambar waya, NIN, BVN da lambar asusu duk a matsayin rubutu ake shigo da su, don ba lissafi za ka yi da su ba.

Ina son koyon Spark da Kafka, an ce su ake nema.

Bayananka nawa ne? Kusan kullum amsar ita ce layi dubu hamsin. LinkedIn ne suka gina Kafka don ambaliyar bayanan masu amfani da shafinsu, Spark kuma an yi shi ne don raba aiki tsakanin kwamfutoci da yawa. Kawo su kan layi dubu hamsin kamar ɗauko tirela ne don kai buhun masara ɗaya daga kasuwar Sabon Gari zuwa Samaru. SQLite rumbun bayanai ne a fayil ɗaya, yana cikin wayarka ma yanzu haka. DuckDB yana tace miliyoyin layuka a kan laftof ba tare da saba ba, wato babbar kwamfutar da ake ware wa irin wannan aiki. In mutane da yawa za su riƙa rubutu a lokaci guda, sai rumbun PostgreSQL. Ranar da waɗannan suka gaza maka, kai da kanka za ka san dalilin da ya sa aka ƙirƙiro Spark, kuma koyonsa zai zo maka da sauƙi.

AI zai ƙwace mana aiki?

Kwantar da hankalinka. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 nake jin wannan. Yana rubuta kod da sauri, gaskiya ne, ni ma ina amfani da shi. Amma bai san cewa mai shagon yana rubuta bashi da jan biro a bayan littafi ba, sai an je an gani. Wanda ya kamata ya ji tsoro shi ne mai kwafo abin da injin ya rubuta ya liƙa ba tare da ya iya karanta shi ba. Irinsu na gani da yawa: ka tambaye su me layi na goma yake yi, su kama kallon silin.

Ina da laftof, ina so in sa AI a cikinta ya yi aiki ba intanet, ya taimaka da bayanan wani ƙaramin asibiti, kuma da Hausa. Zai yiwu?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma tambayoyi uku ne aka ƙulle wuri ɗaya. Amsar kowacce daban.

Ta farko, ko zai tashi a laftof ɗin. Eh, mai yiwuwa, ya danganta da RAM. Tun Maris 2023 da Georgi Gerganov ya saki manhajar llama.cpp, ana iya tafiyar da samfuran AI masu hira a kan kwamfuta ta gida ba tare da GPU (katin da ke hanzarta lissafi) mai tsada ba, kuma manhajar Ollama ta sauƙaƙa abin har ya koma umarni ɗaya. Akwai samfuran da aka saki kowa ya sauke: Llama na Meta, Gemma na Google, Qwen na Alibaba, Mistral na wani kamfanin Faransa. Lissafin ba wuya. In ka ga an rubuta 8B, ana nufin samfurin yana ɗauke da lambobi biliyan 8 da ya koya. A asalin girmansa kowace lamba bayit biyu take ci, wato giga 16. In aka matse kowace lamba zuwa bit huɗu, wato rabin bayit, samfurin yana saukowa wajen giga 4 zuwa 5, da ɗan asarar kaifi. To laftof mai giga 8, Windows ta riga ta cinye kusan rabi, ka ga ba sarari. A nan sai ka nemi ƙanana, masu biliyan 1 zuwa 3, kamar na Llama 3.2. Mai giga 16 zai ɗauki 8B, amma ba tare da GPU ba za ka ga kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma doguwar takarda za ta sa ka jira. Ka ƙara da abin da masu koyarwa a YouTube ba sa faɗa domin ba su san shi ba: aikin yana ɗora wa injin nauyi gaba ɗaya, batir yana zuba da sauri, kuma a zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka, laftof za ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A kai ta a busa mata iska tukuna. Saukewar ma giga 5 ce ta data, don haka mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa a filash.

Ta biyu, Hausa. A nan sai na ja birki. Manyan samfuran da ke kan sabar kamfanoni suna ƙoƙari da Hausa, wani lokaci har su ba ka mamaki. Ƙananan da za su shiga laftof ɗinka kuwa, yawancinsu Turanci suka sha suka ƙoshi, Hausa ɗan kaɗan suka lasa, don rubutunmu a intanet bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta. Za su fara jimla daidai, su rikita namiji da mace a tsakiya, su ƙirƙiro kalmar da babu ita, ko su zame su koma Turanci. Ga kuma matsalar yanka: samfurin yana daddatsa rubutu gutsi-gutsi kafin ya karanta, kuma kalmar Hausa takan fashe gida da yawa fiye da ta Turanci, balle mai ƙ ko ɗ. Saboda haka shafi ɗaya na Hausa ya fi cin lokaci da wuri. Wata dabarar da takan yi aiki ita ce a raba aikin: a sa manhajar fassara irin NLLB-200, wadda Meta ta saki a 2022 kuma akwai Hausa a ciki, ta juya tambayar zuwa Turanci, samfurin ya amsa, a sake juyowa. Takan fi, amma ba kullum ba, kuma kowace juyawa ƙofar kuskure ce. Kada ka yarda da ni ko da wani. Rubuta tambayoyi hamsin irin waɗanda ma'aikatan wurin za su yi da bakinsu, ka gwada, ka ba wanda ya san aikin ya duba amsoshin. In an ce maka a ƙara horar da samfurin da Hausa, ana iya yi, har da GPU na kyauta da shafukan Kaggle ko Colab suke bayarwa na ɗan lokaci, sai dai kana buƙatar dubban misalai masu tsabta, kuma bayanan marasa lafiya ba za su hau can ba.

Wanda ya kawo mu ta uku, asibiti. Dalilin da ya fi ƙarfi na ajiye AI a gida shi ne sirri, kuma dalili ne mai kyau. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma liƙa sunan majiyyaci da cutarsa a manhajar hira ta kamfanin waje ba abin wasa ba ne. Amma fa kasancewar bayanan a laftof ba ya nufin sun tsira. In ba a kulle faifan ta yadda sai mai kalmar sirri zai iya karanta shi ba, ɓarawon da ya ɗauke ta a cikin Keke Napep ya tafi da asibitin gaba ɗaya. Sannan me kake so ya yi? In taƙaita rahoto ne, ko tsara wasiƙa, ko nemo sakin layi a cikin littafin ƙa'idojin aiki da ka ba shi, to da dama-dama, muddin mutum zai duba. In ƙidaya ce, mutum nawa suka zo da zazzaɓi a watan Agusta, wannan aikin SQL ne, zai ba ka amsa daidai cikin ƙiftawar ido, alhali samfurin zai iya ƙago lamba ya faɗe ta da cikakken ƙarfin hali. In kuwa adadin maganin da za a ba yaro ne, a'a. Ko da ya dace sau tara, ban yarda ba.

Da ni ne, da rumbun bayanai mai tsabta zan fara, in yi wata uku ana shigar da komai daidai, sannan in duba ko akwai sauran aikin da ke buƙatar AI. Sau da yawa abin da ya rage kaɗan ne. Wani lokaci kuma akwai, kuma ya cancanci wahalar. Sai na ga wurin kafin in yanke.

Me ya sa ƙ da ɗ da ɓ suke komawa alamar tambaya ko wasu tarkace?

An ajiye fayil ɗin da tsarin da bai san su ba. A yi amfani da tsarin ajiye haruffa na UTF-8 a ko'ina: a fayil, a rumbu, a shafin. Kuma don Allah a daina goge ƙugiyar wai don a huta. Ku ne gobe za ku zo kuna kukan AI bai iya Hausa ba, alhali da rubutun da kuka gurgunta aka koyar da shi.

To ya za a yi ya iya Hausar?

A rubuta ta, a naɗe ta. Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa, Masakhane kuma ƙungiya ce ta masu bincike kan harsunan Afirka da ke aiki a fili, kowa na iya shiga. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga masana harshe ga masana kwamfuta a harabar Samaru ɗaya, bai kamata a ce ana jiran wani daga Kalifoniya ba. Ɗalibin Hausa da ɗalibin kwamfuta su haɗa aikin kammala karatu ɗaya mana. Kullum sai manhajar rajistar ɗakin kwanan ɗalibai, shekara da shekaru.

Dole ne Git?

Dole. Manhaja ce mai ajiye tarihin duk canjin da ka yi a aikinka, tun 2005 take, kyauta ce, yini ɗaya ya isa ka koyi abin da za ka buƙata. Na gaji da ganin fayil mai suna na ƙarshe, da na ƙarshe na gaskiya, da na ƙarshe wallahi. Kuma kada ka tura kalmar sirri ko bayanan mutane GitHub, shafin da ake ajiye aikin Git a intanet. Ko ka goge, suna nan a tarihi.

Laftof ɗina ta mutu, aikina duka yana ciki.

Allah ya mayar da alheri. Kada ka bari mai gyara ya yi mata fomat. Sau da yawa babban allon cikin injin ne ya ƙone, faifan yana lafiya, ana iya ciro shi a karanta a wata kwamfutar. Daga yau kwafi uku: ɗaya a injin, ɗaya a faifan waje, ɗaya a intanet. Kuma ka gwada dawo da shi ko sau ɗaya ne, ka tabbatar yana buɗuwa.

Ni mace ce, kuma ba kimiyyar kwamfuta na karanta ba. Na makara?

Ba ki makara ba, 'yar'uwa. Wadda ta karanta aikin gona ko lissafin kuɗi ta riga ta san yadda bayanan fanninta suke yin ƙarya, abin da mu sai mun sha wuya muke ganewa. Ki fara da SQL a kan bayanan da kika sani, Python ya biyo baya.

Wane satifiket zan saya?

Ban taɓa ɗaukar mutum aiki don satifiket ba. Nuna mini fayil mai datti da ka wanke, da bayanin abin da ka jefar da dalilin jefarwar.

Malam, za ka rubuta mini furojet ɗina? Zan biya.

A'a. Kawo abin da ka rubuta da hannunka ranar Asabar bayan la'asar, mu duba inda ya maƙale.