Yadda jiki da ƙwaƙwalwa ke sabawa da zaman hunturu a Antatika

Zaman hunturu a Antatika shi ne mutum ya yi wata takwas zuwa tara a tashar bincike ba shiga ba fita, saboda sanyi da duhu sun hana jirgi sauka. A tashar Amundsen-Scott ta Amurka, wadda ke can ƙuryar kudancin duniya, rana kan faɗi a watan Maris sai Satumba ta sake fitowa. Tashar Concordia kuwa, ta Faransa da Italiya, tana kan tudun ƙanƙara mai tsawon mita 3,233, mutum goma sha wani abu ne kawai ke zama a cikinta, sanyi har yakan wuce digiri 80 ƙasa da sifiri, ga iska mai ƙarancin iskar shaƙa. Abin da wannan zama ke yi wa homon, wato sinadaran da jiki ke fitarwa don daidaita ayyukansa, da tunanin mutum ya daɗe yana damun likitoci, kuma gaskiya ya cancanci a damu da shi.

Tun farkon zuwan mutane aka fara ganin matsalar. Jirgin ruwan Belgica na Adrien de Gerlache ya maƙale cikin ƙanƙara a 1898, su ne mutanen farko da suka yi hunturu a yankin, wasu suka shiga damuwa mai tsanani, wasu hankalinsu ya taɓu. Likitansu Frederick Cook ya riƙa sa su zama gaban wuta suna shan haske da ɗumi, ya kuma matsa musu su ci sabon nama, to wannan dabara ta haske har yau ba a bar ta ba sai dai yanzu da fitilu masu ƙarfi ake yi.

Babban abin da ke rikicewa shi ne agogon jiki. Homon ɗin melatonin, wanda ke shaida wa jiki dare ya yi, hasken safiya ne ke daidaita lokacin fitarsa, to idan babu safiya kwata-kwata sai lokacin ya riƙa zamewa yana yin latti, mutum ya kwanta ido biyu har tsakar dare, da rana kuma ya wuni a kasale. Binciken da Josephine Arendt ta yi da mutanen tashar Halley ta Birtaniya ya nuna ƙarin haske mai ƙarfi yana taimakawa wajen dawo da barci kan hanya. Bitamin D ma yana raguwa tunda fata ba ta ganin rana.

Sai maganar tayirod, ƙullin nan na wuya da ke sarrafa zafin jiki. H. Lester Reed da abokan aikinsa sun bayyana a 1990 cewa a dogon zama cikin sanyi jiki yana ƙara samar da homon ɗin T3 amma kuma yana cinye shi da sauri, sai wanda ke yawo a jini ya ragu, TSH kuma, homon ɗin da ke zaburar da tayirod, ya hau. Ana danganta wannan da mantuwa, da jinkirin tunani, da wani irin zuru da mutum kan yi ya ƙura wa bango ido ana masa magana bai ma sani ba. A wani bincike da aka wallafa a 2019, Alexander Stahn da tawagarsa sun auna mutum 9 da suka yi wata 14 a tashar Neumayer III ta Jamus, suka ga wani sashe na ƙwaƙwalwa mai alaƙa da tuna abubuwa ya ragu da kusan kashi 7 cikin ɗari, ko da yake mutum tara ba su da yawa.

Amma fa in ka duba abin da mazaunan kansu ke kuka da shi, sanyi ba shi ne kan gaba ba, zaman tare ne. Fuska ɗaya, hira ɗaya, abinci kusan iri ɗaya, babu inda za ka je ka huce, ƙaramin abu kamar ƙarar taunar wani sai ya zama rigima, zo mu zauna zo mu saɓa kenan. Masana sun lura cewa ɓacin rai yakan fi yawa bayan an wuce rabin zama, lokacin da ɗokin zuwa ya ƙare ranar tafiya kuma da saura, sai dai ba kowane bincike ya ga hakan ba. A Concordia, Gro Sandal da abokanta sun rubuta a 2018 cewa a tsakiyar hunturu mutane kan shiga wani yanayi na rage damuwa da komai, ba murna ba baƙin ciki, kuma wataƙila wannan hanya ce da zuciya ke kare kanta.

Shi ya sa tashoshi ke tantance mutane sosai kafin tafiya, a tsara lokacin aiki da na abinci da motsa jiki, a yi babban bikin tsakiyar hunturu wajen 21 ga Yuni. Nazarin Lawrence Palinkas ya nuna kusan kashi 5 cikin ɗari ne alamunsu ke kai matsayin cutar da ke buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, da yawa ma suna dawowa da ƙarin yarda da kansu. Hukumar sararin samaniya ta Turai tana tura likita Concordia duk shekara don tattara irin waɗannan bayanai, saboda masu tafiya duniyar Mars nan gaba za su fuskanci keɓewa mai kama da wannan.