Wai ta yaya mutum yake zama DPO, kuma ya ake gane nagari?

Duk sanda aka ce an canza DPO a wata unguwa a Kano sai ka ji majalisa ta ɗau zafi, kowa da tasa tambayar. Ga waɗanda aka fi yi.

Shi DPO muƙami ne irin su saja da sufeto?

A'a, kujera ce, wato shugaban caji ofis na yanki guda. Yawanci mai muƙamin SP (sufuritanda) ko CSP (babban sufuritanda) ake ɗorawa, a ƙananan garuruwa wani lokacin har DSP (mataimakin sufuritanda). A samansa akwai Eriya Kwamanda, sai kwamishina da ke Bompai, hedikwatar 'yan sandan jihar, shi ne kuma mai tura shi inda ya ga dama.

To ta ina ake hawa?

Hanya biyu ce aka fi sani. Akwai wanda ya shiga a kurtu, ya yi tirenin a kwaleji irin ta Kaduna, ya ɗaura igiya biyu ta kofur, uku ta saja, ya zama sufeto, sannan in Allah ya yi ya samu anini a kafaɗa ya zama ASP, wato matakin farko na manyan hafsoshi, kuma wallahi tafiya ce mai nisa don da yawa kafin su ƙarasa ritaya ta cim musu, tunda doka ta ce shekara 35 ana aiki ko 60 da haihuwa. Ɗaya hanyar ita ce makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda ta Wudil, shekara 5 yaro zai yi ya fito da digiri da ASP ɗinsa gaba ɗaya. Ƙarin girma kuwa ba a hannun kwamishina yake ba, Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ce ke amincewa da shi.

Wanne ya fi iya riƙon mutane?

Ni dai ban yarda takarda kaɗai ko daɗewa kaɗai ke yi ba. Tsohon kurtu ya kwana a kanta, wato teburin karɓar ƙara na caji ofis, ya san duk dabarar da yaransa za su yi masa, ɗan Wudil kuma ya fi sakin jiki da doka da rubutu. Amma wanda bai iya sauraro ba ko daga ina ya fito wahala zai sha. Kar a manta Audu Bako da ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975 ɗan sanda ne, har yau ana cin moriyar madatsun ruwan da ya gina.

Aikin ƙaramin gari da na birni ɗaya ne?

Ina! A Fagge ko Dala ƙwacen waya da faɗan daba ne ke hana shi barci. A Rano ko Gwarzo kuwa rikicin iyakar gona ne, da shanu sun shiga shuka, da ranar kasuwa, ga ƙarancin ma'aikata ga mota sai a hankali, dole ya riƙe hakimi da dagaci da masu unguwa da 'yan sintiri hannu bibbiyu, don su ne suka san ɗan gidan wane ya dawo gari jiya da daddare. Abin da ke ba ni takaici shi ne sai ya fara sanin gari, mutane sun fara kiransa a waya ba tsoro, sai kawai a ji tiransifa ta zo.

Ya talaka zai gane DPO nagari?

Je ka kanta ka tsaya. Dubi yadda ake amsa wa tsohuwar da ta zo da kwanon abinci tana neman ganin jikanta, an ba ta benci ko an daka mata tsawa? Beli kyauta ne a doka. Tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Inda ake kiyaye waɗannan to mai gidan yana zagayawa sel da kansa, yana duba littafi.

In an zalunce ni fa?

Ka fara neman ganin DPO ɗin ido da ido, sau da yawa bai ma san abin da aka yi a kanta ba. In bai saurare ka ba ka rubuta ƙorafi zuwa Eriya Kwamanda ko Bompai, ka sa rana da lokaci da sunan ofishin, ka kuma ajiye kwafi a hannunka.